Magina a Bakin Ruwa

Akwai wata tsutsa a teku wadda sau ɗaya tak take zaɓen wurin zama a duk tsawon rayuwarta. Tun tana 'yar mitsitsiya, ido bai cika ganinta ba, ruwa yake yawo da ita makonni, wani lokaci har watanni. Ranar da ta sauka a kan dutse ko gungumen itace sai ta kama gini, ta zagaye jikinta da bututu daidai kaurinta. Daga ranar ba ta ƙara fita. A ciki take ci, a ciki take numfashi, daga ciki take sakin ƙwayayenta su bi ruwa, a ciki kuma ajali yake samunta. In wurin da ta zaɓa ya yi kyau ta more. In ya ɓaci, ba ta da ƙafar gudu.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Ni mutumin ƙasar Jahun ne, kuma tsakaninmu da teku mafi kusa ya haura kilomita 800. Yashi muke da shi, har sunan jiharmu daga tudun yashin aka samo shi. Aikina koyar da ilimin halittu a sakandare, duk shekara sai na zana wannan tsutsa a allo ga yaran da ba su san ruwan da ya fi Kogin Haɗeja girma ba. Da can darasi ce kawai a wajena, a zana, a rubuta jarrabawa, a wuce. Tun ambaliyar 2022 kuwa, tambayoyi uku suka zauna a gidanmu: a ina za a sake gini, da me za a yi shi, wa kuma zai zauna a ciki. Daga nan na fara karanta rayuwar tsutsar nan kamar ina jin labarin maƙwabciya.

Ba baƙuwa ba ce can sosai. 'Yar'uwar tana ce da matsattsaku, dukansu jikinsu gaɓa-gaɓa ne kamar karan rake. Masana suna kiran reshen nata Polychaeta, kalmar Girkanci mai nufin gashi da yawa, domin kowace gaɓa tana da 'yan fiffike biyu, hagu da dama, da tsirin gashi mai tauri a jikinsu. Irin da aka sani sun wuce 10,000, kusan dukansu a ruwan gishiri. Wasu yawo suke yi suna farauta, wasu suna haƙa rami a cikin laka, wasu kuma magina ne. A wajen maginan, wani sashe na gashin ya zama ƙananan ƙugiyoyi jere kamar haƙoran zarto, da su tsutsar take riƙe bangon ɗakinta, yadda ko kifi ya ja kanta ba ta fitowa da sauƙi.

A Legas na fara ganinsu ido da ido, lokacin da nake bautar ƙasa. In ruwa ya janye a bakin tafkin da ya ratsa garin, za ka ga jikin turakun da aka kafa a ruwa ya yi fari-fari, kamar an watsa taliya ta bushe a kai. Kowane zare ɗaki ne, mai shi yana ciki. Wannan dangin ba sa ɗebo kayan gini daga waje. A wuyan tsutsar akwai wasu 'yan jakunkuna da ke tace sinadarin alli daga ruwan teku, ita kuma tana ɗora shi a bakin bututun zobe bayan zobe, tana girma ɗakin yana ƙara tsawo. Idan ruwa ya dawo ya rufe su, sai kowace ta buɗe wani kambi a kanta mai kama da gashin tsuntsu. Da shi take shaƙar iskar da ke cikin ruwa, da shi kuma take tace ƙananan halittun da take ci. Inuwar hannunka kawai ta gifta, kafin ka ƙifta ido duk sun shige, kowace ta toshe ƙofarta da wani marfi da ke maƙale a kanta.

Tafkin Legas wurin zama ne mai wuyar sha'ani. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma da rani yakan kutso cikin tafkin har nesa. Da damina sai koguna irin su Ogun su kwararo, gishirin ya tsinke har ya kusa ɓacewa. A 1966 wasu masu bincike biyu, Sandison da Hill, sun bi diddigin yadda wannan canji yake raba wa halittun tashar jiragen ruwan Legas da rafukan kewayenta wuraren zama. Cikinsu akwai tsutsotsin bututu iri biyu. Ɗaya tana jure ruwa mai ɗan gishiri. Ɗayar, wadda ake kira Hydroides, 'yar teku ce zalla, ruwan damina yakan kashe ta a wuraren da gishiri ya tsinke, sai rani ya dawo sababbin 'ya'ya su shigo su sake gini a inda iyayensu suka mutu. Wato a can ma ambaliya ke rusa gari, kuma a kan kufan ake sake kafa shi.

Abin da ya fi kusa da wannan a wajenmu yana cikin kududdufi. In ka kwarfo taɓon ƙasan ruwa a kwano ka bari ya kwanta, za ka ga jajayen tsutsotsi ƙanana suna leƙowa daga 'yan bututun laka. Su ba dangin tana ba ne, 'ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo. Da miyaunsu suke haɗa lakar su yi ɗaki, jan kuwa sinadarin da ke cikin jininmu ne, shi ke ba su damar rayuwa a taɓon da iska ta yi ƙaranci. Su nake nuna wa ɗalibaina in ce su ɗauka wannan ne, sai dai a teku.

Wadda ta fi shiga raina ita ce mai gini da yashi, Sabellaria alveolata, da ke zaune a gaɓar tekun Atlantika daga Birtaniya har Maroko. Tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Tana miƙo zararan kanta ta kamo duk abin da igiyar ruwa ta taso. Abin ci ta tura baki. Ƙwayar yashi ko ɓarɓashin ɓawon kawa kuwa sai ta miƙa wa wata gaɓa da ke kusa da bakinta, ta jujjuya shi, in girmansa bai yi mata ba ta yar, in ya yi ta ɗiga masa danƙo daga jikinta ta manna a bakin bango. Ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, haka ɗakin yake tashi. Danƙon nan a cikin ruwa yake kamawa, abin da gam ɗin kasuwa ya kasa. Shi ya sa wani masani a Jami'ar Utah ta Amurka, Russell Stewart, ya shafe shekaru yana nazarin danƙon wata 'yar'uwarta ta gaɓar Kalifoniya, da fatan a kwaikwayi irinsa don haɗa ɓalallen ƙashi a jikin mutum.

Ba ta gini ita kaɗai. Douglas Wilson, wani masani a Plymouth ta Ingila, ya nuna a 1968 cewa 'ya'yan da ke yawo a ruwa sukan jinkirta sauka har sai sun taɓa danƙon 'yan'uwansu, sannan su kafa nasu ɗakin a jikin na wasu. Bangon wannan shi ne bangon waccan. Ta haka ɗakuna suke taruwa su zama tudu mai ramuka kamar saƙar zuma. A mashigin Mont-Saint-Michel na Faransa akwai irin wannan gari da faɗinsa ya haura hekta 200. Tsutsa ɗaya yawanci shekara 3 zuwa 5 take yi a duniya, garin kuwa yana nan, wasu na mutuwa wasu na ɗorawa a kai.

Baffana magini ne, ƙanen mahaifinmu, kuma shi ya gina rabin ɗakunan ƙauyenmu da ke ɓangaren Harbo. A hannunsa na san yadda ake kwaɓa ƙasa da ramno, a bar ta ta kwana ta tsima, a mulmula tubali a shanya. Shi ya nuna mini makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a yi yaɓe da ita don ruwa ya zame, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Wata rana na nuna masa hoton garin tsutsotsin nan a waya, na yi masa bayanin danƙon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ita ma yaɓe take yi kullum ke nan?"

Na ce, "Kullum, Baffa. Igiya ta fasa bakin ɗaki, cikin 'yan kwanaki ta ɗinke."

Ya ce, "To, ai ba ta gama gini ba ke nan. Mu ma ba mu taɓa gamawa ba. Wanda ya ce maka ya gama ginin ƙasa, barin gidan zai yi."

Maganar nan ita ce gaskiyar ginin ƙasa. Soro yana iya shekara ɗari, amma da sharaɗi: kafin kowace damina a hau a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baffa yakan ce ruwan sama ba ya kashe katanga in tana da hula, ruwan da ya kwanta a ƙasa shi ke cin ƙafarta.

Ta ƙafa kuwa ruwan 2022 ya ci mu. A watannin Agusta da Satumba na shekarar Jigawa tana cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna, an rasa rayuka, gonakin shinkafa sun nutse, gidaje sun zube daga Ringim har Haɗeja. A gidanmu ruwa bai zo da ƙarfi ba. Shigowa ya yi a hankali ya kwanta a tsakar gida har gwiwa, ya yi kwanaki. Katanga ta sha ta ƙoshi, ɗakin Inna ya zauna, zaure ya biyo baya, rumbu ɗaya ya kife da geronsa. Alhamdu lillahi ba mu rasa rai ba.

Bayan ruwa ya janye aka zauna shawara. Yayana, wanda ke kasuwanci a Dutse, ya ce magana ɗaya ce: a sayi fili a cikin garin Jahun, a yi ginin bulo da kwano, a ɗauke Inna daga bakin fadama. Yana da hujja, don shi ya kwana a hanya a daren da waya ta daina shiga. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Babangida, in ka kai ni can, wa zan leƙa ta katanga in ce a ba ni wuta? Gonar kuma a ka za ka ɗora ta?"

Na fahimci Inna ta hanyar tsutsar nan fiye da yadda na zata. Sabellaria ba ta zama a ruwa mai kwanciyar hankali. Sai inda igiya ke dukan gaɓa tana tayar da yashi, domin in yashi bai tashi ba, ba ta da abin gini, ba ta kuma da abin ci. Ruwan da ke fasa mata ɗaki shi ke kawo mata tubali. Mutanen fadama haka suke da kogi. Ruwan da ya rushe ɗakin Inna shi ne ya shekara ɗaruruwa yana shimfiɗa laka a gonakinmu, shi ke ba mu shinkafa da damina, alkama da albasa da rani, da kifi a tsakani. Wanda yake daga nesa yana ganin taurin kai ne zama a bakin ruwa. Na kusa ya san ba don son wahala kakanni suka sauka a nan ba.

Sai dai na fahimci Yaya ma ta hanyarta. Juriyar tsutsar tana da iyaka. Yashi ya binne ta na 'yan kwanaki takan tsira, in ya daɗe ta mutu. Sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 ya kashe garuruwansu da yawa a gaɓar Birtaniya. A Mont-Saint-Michel kuwa masu tsintar kawa suna tattake ɗakunan, gonakin kiwon kawa na kusa kuma sun canja yadda ruwa da laka ke gudana. Ta saba da igiyar da ta sani, amma in an canja ruwan daga wani wuri, ba ta da dabara. Kogin da kakanninmu suka sani shi ma ba shi ne na yau ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya ƙafe da rani, yanzu yana gudana kusan duk shekara, wannan kuma ya ba kacala damar cika hanyoyin ruwa. Kacala ta tare laka, hanya ta cushe, in ruwa ya zo da yawa sai ya nemi wata hanyar, ko da ta tsakar gidan mutum ce. Lissafin da aka gada na inda ruwa yake tsayawa ya daina aiki.

Ban kuma yarda a mai da bulo abokin gaba ba. Akwai wani abin mamaki a cikin buhun siminti. Farin dutsen da ake fasawa a Ashaka ta jihar Gombe a toya siminti da shi, a ƙarƙashin teku ya taru. Masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta shekarunsa sun kai miliyan 90, zamanin da wani reshen teku ya ratso ta kwarin Binuwai ya nufi Sahara, kuma har yau ana samun ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Sinadarin allin da ke cikin dutsen nan shi ne wanda tsutsar Legas take gina bututunta da shi. Ashe duk wanda ya aza bulo a Jahun, da guzurin teku yake gini. Bulo yana jure kwanciyar ruwa yadda ƙasa ba za ta iya ba. Ƙasa kuma tana riƙe sanyi a watan Afrilu yadda bulo da kwano ba za su iya ba, ga shi ba a sayenta da buhu. Kowanne da inda ya fi.

Abin da ya fi damuna ba kayan ginin ba ne. Akwai wata tsutsar, Chaetopterus, da ke yin bututu mai baki biyu a cikin laka, da wani abu mai kama da fatar ganga. Tana da wasu gaɓoɓi uku masu faɗi da take kaɗawa kamar mafici, ruwa ya shiga ta wannan baki ya fita ta wancan, ita kuma tana tace abincinta da jakar majina. Saboda wannan iska da abinci da ke ratsawa, ƙananan ƙaguwa sukan shigo su zauna tare da ita. Muddin tana kaɗa mafici, gidan yana da rai har da baƙi. Ranar da ta daina, ruwa ya tsaya, laka ta cika bututun, baƙi su watse. Zauren gidanmu haka yake. Mahaifinmu yana da rai, almajirai da fatake da masu jiran kwalekwale ba sa yankewa. Mu 'ya'yansa biyar maza, huɗu ruwa ya tafi da mu: Dutse, Kano, Legas, ni kuma ina garin Jahun. Tun kafin ambaliya zauren ya yi shekara uku ba a yi masa yaɓe ba, don hannuwan da za su yi sun watse. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ruwa ya zo ya tarar da aikin an rage masa.

A nan kamanninmu da tsutsa ya ƙare, kuma gara da ya ƙare. Ita sau ɗaya take zaɓe, mu Allah Ya ba mu ƙafa da shawara. 'Ya'yanta in sun bi ruwa ba su san hanyar dawowa ba, mu kuwa mun san motar da ke zuwa gida. Abin da aka tsayar a ƙarshe bai zama yadda Yaya ya so ba, bai kuma zama yadda Inna ta fara faɗa ba. A bayan ƙauyen akwai wata jigawa cikin gonar gado, tafiyar minti goma daga tsohon gida, wadda ruwan 2022 bai hau ba. Inna ta ce za ta koma can da sharaɗi ɗaya, sai in maƙwabta za su zo. Aka yanka wa gidaje uku fili a jikin namu, suka amince. Yaya ya sayi siminti aka ɗaga harsashi da dutse da bulo har ƙugu. Daga nan zuwa sama Baffa ya ɗora tubali. Ƙasar kuwa daga tsohuwar katangar da ta zube aka kwaso mafi yawanta, aka sake jiƙa ta aka kwaɓa, don ƙasar gini ba ta mutuwa.

Mun kuma yi alkawari a gaban Inna cewa duk shekara bayan an gama girbi, kowa zai zo da kansa a yi yaɓe, ba a karɓar kuɗi a madadin mutum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shekarar farko mu biyar muka hallara. Ta biyu mu huɗu, na Legas ya aiko da uzuri. Baffa ya haura saba'in, ba ya iya hawa tsani, daga ƙasa yake nuna mana da sanda inda tsaga take. A ƙauyen duka babu saurayi ɗaya da ya zauna ya koyi haɗa makuba, kowa bulo yake son koya don shi ke kawo kuɗi, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Akwai ɗan ƙanena mai shekara goma sha ɗaya da ke bin Baffa duk inda ya nufa. Bara na same shi a bakin kududdufi yana mulmula tubali, yana ɗaga kowanne yana jujjuyawa, wanda bai yi masa ba ya mayar cikin kwaɓi. Baffa yana zaune a inuwa bai ce masa komai ba. Da na matso zan yi magana sai ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Bar shi, Malam. Hannunsa ne yake karatu."